Ni Na Shafe Cikin Tankin Lungunmu

Ni na shafe cikin tankin ruwan da aka rushe a bakin lungunmu na Madabo, amma sunan wani ƙato ne ya zauna a jikinsa har ranar da aka kayar da shi. Ban yafe ba. Kada kuma wani ya taso mini da wa'azi, na san wa'azin, na girmi mai yin sa. Mutumin da aka rubuta sunansa da jan fenti ko leƙa cikin tankin nan bai taɓa yi ba, don tumbinsa ba zai bar shi ya sunkuya ba.

Makon jiya aka rushe shi, wai za a faɗaɗa lungu motoci su riƙa shiga. Na sa aka fitar mini da kujera ƙofar gida na zauna ina kallo. Bulon waje bai ba leburori wahala ba, duka biyu uku sai ya zube kamar busasshen tuwo. Da suka iso shafen ciki sai guduma ta fara tsalle tana dawo musu. Suka yi gumi, suka canja hannu, suka zagi wanda ya yi aikin, ni kuwa ina zaune ina jin daɗin zagin. Can ɗayansu ya share fuska ya ce, "Hajiya, ke da kika daɗe a unguwar nan, wannan wane irin siminti ne? Na Turawan da ne?" Na ce, "Na ubana ne. Ku bi a hankali ta ƙarƙashin bututu, akwai guntun da nake so ku ciro mini shi lafiya." Suka kalli juna, sun ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni.

Babana mai laso ne. Yaran yanzu ko sunan ba su sani ba. Laso shi ne abin da ake shafe cikin ramin rini da shi don kada ƙasa ta shanye ruwan baban rini, da shi kuma ake shafe rufin soron masu hali da bakin rijiya. Idan ramin rini ya mutu, marina sukan kwashe laka mai shuɗi da ta kwanta a gindinsa, ita ake kira katsi. A cuccura ta, a shanya, a ƙone har sau biyu sai ta koma fari-fari, a daka ta zama gari. Sai a kawo gashin akuya daga majema, a kawo dafara, wata saiwa ce da ake bugawa a jiƙa ta saki yauƙi kamar kuɓewa, a kwaɓa su wuri ɗaya. Ba wani asiri a ciki. Asirin yana hannu da kunne.

Allah bai bar wa Baba ɗa namiji ba, mu uku muka rayu, duk mata, ni ce babba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Tun ban isa ɗaukar tulu ba yake tafiya da ni karofi, wurin ramukan rini, riƙon ƙwaryar dafara. Har yanzu idan na rufe ido ina jin wurin: muciya tana faɗawa cikin rami tana fitowa, kumfa tana tashi, warin toka da baba yana kama maƙogwaro, daga can mabuga kuma ana ta sauke wa rinannen zane dukan da ba ya kuskure, mutum biyu a kan itace ɗaya, wannan ya sauke wannan ya ɗaga. Idan aka haƙa sabon rami mai ƙaramin gindi, Baba yakan ɗaura mini igiya a ƙugu ya zura ni. Marina su yi ta tsiya, "Malam, yau kuma guga ka samu mai ƙafa?" Shi ko ba ya kula su. Daga sama yake faɗa mini, "Sirara, Uwata. Idan kika ga kaurinsa da ido to ya yi yawa. Ki shafa kamar kina shafa wa jariri mai." Idan shafi ya sha iska sai ya zuro mini dutsen guga, wani baƙin dutse mai santsi da ya gada wurin ubansa, in yi ta goge har laso ya yi gumi ya fara ƙyalli. Daga nan sai darasin da ya fi kowanne: in ƙwanƙwasa bango da dutsen in saurara. Inda shafi ya kama, ƙarar takan tsaya gajeriya, tim. Inda ya saki daga baya, sai ta amsa kamar an buga ƙwarya. Da na fara girma Gwaggo, ƙanwar Baba, ta kafa ƙafa ta ce ba za a ƙara zura ɗiyar gidansu rami a gaban maza ba. Aka daina. Amma hannu ya riga ya ɗauka.

Yanzu kuwa ɗaga kai ka ga. Kowane soro da baƙin tankin roba a kansa, an sayo shi yadda yake, ba wanda ya san cikinsa. Idan ya tsage a kira mai wuta ya narka roba ya liƙa, idan ya sake tsagewa a jefar a sayo wani. Ruwan sha ma a leda yake zuwa, a tsotse a yar a kwata. Ban ce da can mun fi jin daɗi ba, ƙarya ba ta kama ni ba. Na ja guga har tafin hannuna ya yi kanta, na bi 'yan garuwa da roƙo, na sha ruwan da sai an bar shi ya kwanta. Abin da nake kewa shi ne, a da duk abin da zai riƙe ruwa akwai wanda ya shiga cikinsa ya san shi, tun daga randa har rijiya. Yanzu ba mai shiga cikin komai.

Aka yi mini aure, na haifi 'ya'ya, mai gidana ya rasu, na dawo gidanmu da 'yata ta ƙarshe ina sana'ar ƙosai. Na tarar siminti ya kashe wa Baba kasuwa, marina da yawa sun koma rini a duro da garin kanti, sannan yanar ido ta rufe masa gani gaba ɗaya. Ya zama ba ya fita sai masallaci. Wuninsa a ɗakinsa na jikin katangar waje, ɗakin da aka haife shi, ya jingina da bango yana jan carbi yana gane mutane da takunsu.

A lokacin ne soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki. Gari ya ɗauki zafi. Motoci da lasifika, tutoci a kan kowace bishiya, wa da ƙane ba sa gaisawa saboda jam'iyya. Abin da ya fi ba mu mamaki mu mata shi ne wai har da mu za a yi zaɓe. Mutanen da ba su taɓa sanin muna gidajen nan ba sai ga su a zaure suna sallama, a gaida Hajiya, a gaida Inna, me kuke bukata? Muka ce ruwa. Ranar zaɓe muka yi layi da lulluɓinmu, aka shafa mana tawada a babban yatsa muka dangwala. Gwaggo kwana uku ba ta yarda ta wanke yatsan da sabulu ba.

Ba su ci amana duka ba, don ruwan ya zo. Aka jawo bututu daga babban titi, aka ce za a gina tanki na bulo da siminti ya riƙa tara ruwa idan famfo ya kawo, tunda ba kullum yake kawowa ba. Aka ba wani Alhaji kwangila, ɗan jam'iyya ne, da sana'arsa sayar da goro. Ya ɗauko birkila mai suna Tanko, ƙaton saurayi mai faɗin kafaɗa. Filin da aka samu kuwa shi ne wanda ya jingina da katangarmu, daidai bayan ɗakin Baba. Aka gina, aka shafe ciki, aka zuba rufi aka bar masa ɗan baki na shiga wanda ko kafaɗar Tanko ɗaya ba za ta wuce ba. Ruwa ya zo, aka yi guɗa, ni ma na yi.

Ba a yi wata biyu ba Baba ya kira ni da hantsi. "Uwata, zo ki sa hannu nan." Na dafa bangon da yake jingina. Sanyi. Na duba ƙasa, gindin katanga ya yi baƙi kamu biyu, farin gishiri ya fito masa. Ya ce, "Tankinsu yana zuba. Ta ciki yake zuba, kuma ta ƙasa." Aka gaya wa mai unguwa, ya aika wa Alhaji, Alhaji ya turo Tanko da rabin buhun siminti. Tanko ya lafta shi ta waje, a lungun da ke tsakanin tanki da katanga. Kwana biyar danshi ya dawo. Ya sake laftawa, ya sake dawowa. Baba daga ɗaki yana jin ƙarar cokalin gini yana cewa, "Yaron nan yana da ƙarfi, amma ruwa yana tura shafensa ne daga baya. Da ta ciki ya shafa, ruwan da kansa zai danne masa shi." Na faɗa wa Tanko. Ya ce, "Yaya, ki gaida Baba, ki ce masa wannan aikin zamani ne." Daga baya dai suka zura wani siririn lebura ciki. Ya ji duhu da zafi, ya watsa siminti mai kauri ya fito a guje. Da ya bushe ya tsattsage kamar gindin tafki.

Kafin bazara ta yi nisa, katanga ta fara kumburi. Wata tsaga ta tashi daga ƙasa har kusa da azara, ƙasa tana zubo wa Baba a shimfiɗa. Kowa ya san ruwan farko mai ƙarfi idan ya sauka, bangon nan zai kwanta. Na ce ya koma ɗakina. Ya ce, "Nan aka haife ni, nan ubana ya cika. Ban gani, amma a ɗakin nan na san inda komai yake. Ku fitar da ni ku mai da ni makaho na gaske? Idan zai faɗi ya faɗo a kaina." Na yi faɗa, na yi kuka, Gwaggo ta yi nata, ko gezau. Duk safiya sai na leƙa gabas in ga ko hadari ya fara haɗuwa.

Sai labari ya zo mini cewa za a zauna bayan la'asar a ƙofar gidan mai unguwa, kuma an riga an gama magana: za a ɗauke tsoho ko yana so ko ba ya so, a rushe ɗakin, a ja katangar bulo nesa da tanki. Na sauke kaskon ƙosai, na yafa mayafi, na bi gida gida. Ban yi dogon bayani ba. Na ce, "Ku fito ku tsaya a bayana, ba sai kun ce komai ba." Mata wajen ashirin suka fito suka cika bakin lungu.

Maza suna kan tabarmi, Alhaji a kan kujera da babbar riga. Na durƙusa na gaida mai unguwa, na ce, "Ranka ya daɗe, ɗakin ubana ake magana, na zo in ji."

Ya ce, "To ai da kin turo namiji."

"Namijin gidanmu shi ne wanda za ku ɗauke kamar buhu. Ranka ya daɗe, ko kun rushe ɗakin tankin ba zai daina zuba ba. A kwashe ruwan a ba ni shi, ni zan shiga in shafe cikinsa da laso."

Aka fashe da dariya. Alhaji ya fi kowa, tumbi yana rawa. "Laso? Na ramin rini? Baiwar Allah, so kike mutanen Madabo su wayi gari shuɗaye?"

Gwaggo, wadda da safen nan ta rantse za ta tsine mini idan na yi wannan maganar, sai ga muryarta daga baya: "Ai kai ka ci riba, Alhaji, gemun nan da kake ɓoye wa furfura ya samu rini kyauta." Dariyar ta juya kansa.

Wani dattijo ya gyara murya ya ce shi abin da ya dame shi, ruwan sha ne, da shi ake alwala, yaya za a ce mace ta shiga ciki da ƙafafunta? Nan raina ya ɓaci. Na ce, "Baba Malam, randar da ka sha ruwa yau da rana, hannun wa ya shiga cikinta har kafaɗa ya wanke ta? Naka? Tun da aka haife ka ruwan da ka taɓa sha a gida akwai wanda bai bi ta hannun mace ba?" Ban jira amsarsa ba. Na juya wurin Alhaji. "Kai kuma da kuna neman yatsunmu har zaure kuka zo. Ga yatsun nan a bayana, ba inda suka je, kuma an ce bayan shekara huɗu za a sake." Ban ce su yi ba, wallahi, amma sai matan nan suka ɗaga manyan yatsunsu ta cikin mayafi.

Alhaji ya daina dariya. Ya ce, "Shi ke nan, a ba ta. Idan ya riƙe ruwa, ni da kaina zan sa a rubuta sunan Malam mahaifinta a jikin tankin, kowa shaida ne. Idan bai riƙe ba, a rushe ɗaki ba ƙorafi." Mai unguwa ya ba ni mako uku. Mata suka ce sun yarda su koma rijiya har a gama.

Washegari na tafi karofi. Wani tsohon marini da ya san ni tun ina guga mai ƙafa ya ba ni katsi jaki biyu, ya ƙi karɓar komai, ya ce in gaida Malam. Na samo dafara a kasuwar Kurmi, na samo gashi a majema na wanke shi ruwa bakwai na tafasa. Muka ƙone katsi a bayan gida, Baba yana murza tokar a yatsa yana cewa a ƙara wuta. Ranar daka kuwa turmi tara aka fitar. Unguwar nan ta ɗauki luguden taɓare tun hantsi, har masu wucewa suna tambaya bikin wa ake yi.

Ranar shiga na sa wandon marigayi mai gidana a ƙarƙashin zane, na shafe hannuwana da man kaɗanya don laso yana cin fata, na sa dutsen Baba a lalita. Aka zura tsani. Ciki duhu, zafi kamar an rufe ni a tukunya. Fitila ba ta yi ba, hayaƙinta zai shaƙe ni. Sai Baba ya ce a goge farantin tagulla na kayan ɗakin Gwaggo, ta hau kan tanki ta tare rana da shi ta jefo mini haske. Haka aka yi, tana riƙe da faranti tana mita, "Ni dai an mai da ni fitila da tsufana. Ke, kin mutu ne a ciki?" Aka kawo Baba aka zaunar da shi a jikin tankin ta waje, ya manna kunnensa da bango.

Na fara ƙwanƙwasawa. Tim. Tim. Muryarsa tana zuwa mini ta bakin tanki, "Ba nan ba. Yi hagu. Sauka." Na sauka. Tim. "Ƙara sauka, Uwata." Sai dutse ya faɗa wani wuri, bango ya amsa kamar ƙwarya. Ni da shi muka ce "Nan!" a tare. Daidai wuyan bututun ƙarfe ne, inda ya ratsa bango ya shigo. Siminti ya ja baya ya bar ƙarfen, ɗan yatsana yana shiga. Daga nan ɓoyayyar tsaga ta bi kusurwar da ƙasa ta haɗu da bango har ƙarshenta, ɓangaren katangarmu. Na faɗa da ƙarfi yadda na sama za su ji. Ban ji dariyar kowa ba.

Kwana biyu ina sassaƙe simintin da ya saki da kurfi da ƙaramar guduma, ina farfasa fuskar sauran don laso ya samu wurin kamawa. Na naɗe wuyan bututu da zaren rama da aka jiƙa a dafara, na cusa laso mai yawan gashi na danna da tsinken itace har ya ƙi karɓa. Kusurwoyin nan masu kaifi duk na cike su na lanƙwasa da sakaina, cikin tanki ya koma kamar cikin akushi, don mu a wurinmu ba a barin kusurwa, nan tsaga take farawa. Sannan shafi. Sirara, a bari ya sha iska, a goge da dutse har ya yi gumi, a rufe bakin tanki da jiƙaƙƙen buhu, gobe a sake. Tanko da farko yana tsaye nesa ya harɗe hannu, jira yake in gaji. Rana ta uku na ɗaga kai na ga kansa ya toshe mini hasken Gwaggo. Ya ce, "Yaya, me ya sa ba kya yi masa kauri sau ɗaya ki huta?" Na ce, "Kai da ka yi, ka huta?" Ya janye kansa ya bar mini hasken. Daga ranar shi yake kwaɓa mini, Baba yana taɓa kwaɓin yana cewa ƙara dafara, shi kuwa ƙaton nan yana amsa "To, Baba" kamar ɗan makaranta.

Shafi bakwai na yi. Fatar yatsuna ta saɓule, gwiwoyina suka kumbura, na rame har Gwaggo ta ce yanzu ko ta bututun zan iya fita. A shafi na ƙarshe Baba ya ce, "Ubana yakan bar alama a gindin duk ramin da ya gama. Ki bar taki." Na rasa me zan sa, ban iya rubuta ko alif ba. Sai na danna babban yatsana a ɗanyen laso, ƙarƙashin bututu, yadda na danna ranar zaɓe. Guntun da na sa leburori suka ciro mini ke nan. Yana nan, zanen yatsan bai goge ba.

Aka bar shi a rufe cikin danshi har kwanakin suka kusa cika. Hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Aka cika tanki, aka zubar mata suka yi wanki, aka sake, a na uku ruwa ya fito garau, ba shuɗi ba wari. Mai unguwa ya sa aka ɗaure famfo, ya zura kara ya yi masa tsaga daidai inda ruwa ya tsaya, ya tafi da karan gidansa. Kwana uku ba wanda ya ɗebi ko moɗa. Ni kuwa ƙosan da na soya a kwanakin nan Allah kaɗai ya san abin da mutane suka ci.

Rana ta uku da hantsi unguwa ta taru. Mai unguwa ya hau da kansa ya zura kara, ya zaro, ya kai shi kusa da ido, ya ɗaga sama. Jiƙon ya tsaya cif a kan tsaga. Tanko ne ya fara yin kabbara. Ni ban tsaya ba, na kutsa gida na shiga ɗakin Baba. Na same shi ya shimfiɗa tafukansa biyu a bango yana shafawa daga sama zuwa ƙasa. Ya ce, "Ya fara ɗumi, Uwata." Ya kama hannuna, ya bi yatsun da suka saɓule ɗaya bayan ɗaya. Muka cike tsagar katanga, Tanko ya yaɓe ta da ƙasa da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwa cin bango. Kwana shida bayan nan aka yi ruwan da ya kayar da katanga huɗu a unguwarmu. Tamu tana tsaye. A ɗakin nan Baba ya ƙarasa shekarunsa, a nan ya cika, yana jingine da bangonsa.

Sai ranar buki. Aka shafe tanki da farin fenti, mai rubutu ya zo ya zana manyan baƙaƙe ja, layi biyu. Aka kawo makaɗa da manyan baƙi. Na ci ado, na tsaya gaban rubutun nan na rangaɗa guɗa har sau uku, ina nuna wa mata, ku ga sunan ubana. Sai na ji an ja gefen mayafina. Tanko ne, kansa a ƙasa. Ya ce, "Yaya, ki daina. Ba sunan Baba ba ne. Sunan Alhaji ne, da cewa shi ya gina ya kuma gyara."

Na kalli baƙaƙen. Suna nan jajaye, manya, kowa yana ganin abin da suka ce, ban da ni. Na nemi Alhaji, ya riga ya shige mota. Da na gaya wa Baba dariya ya yi, ya ce shi ɗakinsa ya nema kuma ya samu, sunan da ba zai gani ba me zai yi da shi. Shi mai haƙuri ne, ni ban gado shi ba. Ƙaryar Alhaji ba ta ƙona ni kamar guɗar nan ba. Da bakina, a gaban unguwa, na yi wa sunan wanda ya cuce ni guɗa uku, don an rubuta a gabana kuma ban san me aka rubuta ba.

Akwai ajin yaƙi da jahilci na mata da sabuwar gwamnati ta buɗe a firamaren unguwarmu. Sau biyu malamar tana zuwa har gida, ina ce mata ni da jika a hanya me zan yi da boko. Washegari da safe ban hura wutar ƙosai ba. Na yi wanka, na yafa mayafi, na tafi. Na same ta tana share aji. Na ce, "Malama, na zo." Ta yi murna, ta buɗe littafin ɗaukar ɗalibai, ta turo mini ɗan akwatin tawada ta ce in dangwala a nan.

Na mayar mata da shi. Na ce, "Yatsan nan ya gama nasa aikin. Ba ni fensir, ki kama hannuna."